Wayar da Baba Yake Zarewa

Litinin, 4 ga Maris

Ƙanena Dogo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da karatun da kuma sanyin nan da ka ishe mu da kukansa. Mu nan kowa lafiya, maigidan da yara suna gaishe ka. Ranar Asabar na leƙa Inna. Gwiwar ta yi sauƙi sosai, har bakin ƙofa ta rako ni ba sanda. Ta ce ta ga hoton da ka turo, wai ka rame ka koma kamar tsinken sakace, kuma laifina ne. Ka ji fa. Kakata da kakarka ne kawai suka fito ciki ɗaya, amma tun ranar da na samo maka aiki a ɗakin gwajinmu mahaifiyarka ta ɗora min kai gaba ɗaya, har da ramarka.

To, ba Inna ce ta zaunar da ni rubutu ba. Firogiram ɗinka ne, wanda ka rubuta mana kafin ka tafi, mai sa kwamfuta ta yi magana da mitar awon ruwa ta wayar USB. Tun tafiyarka muke cin moriyarsa. A jera kofuna a tire, tire ya juya, mita ta tsoma bakinta a kowane kofi ta auna gishirin da ke ciki, lamba ta faɗa gidanta a kwamfuta, mu kuwa muna gefe muna shan shayi. Kai ma ka san sau nawa na yi wa manaja alfahari da kai.

Yanzu ga abin da ya faru. Wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ya kawo mana ruwan rijiya goma sha biyu. Ashe sun kai irinsa wani ɗakin gwajin don su gwada mu. Da aka ɗora takardarmu kusa da tasu, daga ta ɗaya zuwa ta huɗu mun yi daidai. Daga nan sai abin ya karkace. Lambar ta huɗu ta sake fitowa a gidan ta biyar, ta biyar ta koma gidan ta shida, haka har ƙasa, kowace ta matsa gaba da gida ɗaya, ta ƙarshe kuwa ta ɓace. Rijiyar da ruwanta ya yi gishiri mun ce a sha, mai kyau kuma mun ce a toshe ta. Allah ya taimaka ba a kai ga saka famfo ba. Manaja ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Na koma cikin tsofaffin takardu, na tarar hakan ya faru aƙalla sau uku cikin wata biyun nan.

Kowa ido ya zuba wa Baba Mai-kwalba, tunda shi ke rubuta lamba a kwalabe, shi ke zuba ruwan a kofuna ya jera. Abin da ake cewa shi ne ya zuba ruwan kwalba ɗaya a kofi biyu, sauran suka zame. Shi kuwa ya rantse, ya ce shekara ashirin da bakwai yana wannan aikin bai taɓa haɗa ruwan wani da na wani ba. Ka san shi da jan biron nan nasa, da yadda yake kiran lambar kowace kwalba da baki kafin ya ajiye. Ina so in yarda da shi, wallahi ina so. Amma kwanan nan na ga yana nisanta takarda da fuskarsa in zai karanta.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna a kansa ranar ashirin ga wata. Kafin nan ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah: akwai yadda za a yi kwamfutar ko wayar ko firogiram ɗin su haifar da irin wannan? Ni ilimina a kan ruwa ya tsaya, in an shiga maganar waya sai in zama baƙauya.

Ka riƙa cin abinci don Allah, in samu in huta da Inna.

Yayarka


Lahadi, 10 ga Maris

Yaya,

Amin, wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki tun ranar Talata, jarrabawa ce ta sha min kai. Ina lafiya ƙalau. Ki ce wa Inna ba rama ba ce, rigar ce ta yi min yawa, kuma mai ɗaukar hoton ya tsaya daga ƙasa. In kin je ki duba min ko tana shan maganin da kanta ko sai an tsare ta. Ki gaishe da maigidan da yara, ki ce wa ƙaramar ban manta da alƙawarin agogo ba.

Maganar mita ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Daga nesa da wuya mutum ya ce ga ciwon, amma ga abubuwan da za ki gwada, ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa su don mu san wanne ne.

Da farko ki canza wayar USB ɗin. Waccan baƙar ta tsufa tun ina nan, kuma ta cika tsawo. Ki sami gajera mai kauri. Kada ki soka ta a ramukan gaban kwamfuta, waɗannan duk sun yi lakwas saboda masu cajin waya. Ki zagaya baya, ki soka ta kai tsaye, ban da ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya gida huɗu. Sannan akwai wani wuri a saitin kwamfuta inda take sa ramukan USB barci don tsimin wuta. Na zana miki hanyar zuwa wurin a takarda ta biyu, ki kashe shi. In duk kin gama, ki ɗora kofuna talatin da kika san awonsu ki ga ko za su fito daidai.

Shi kuwa firogiram, Yaya, ba shi da wayon ƙirƙiro lamba. Abin da ya tarar shi yake rubutawa, ba ya ƙari ba ya ragi.

Baba kuma ki gaishe min da shi da kyau. Ban manta ba, satin da na fara aiki na fasa babbar kwalbar awo, ya zo ya share ya ce min in tafi in wanke fuskata, kuma har yau ban san abin da ya gaya wa manaja ba. Ina fata kwamitin za su bi shi a hankali. Mutum ne mai kirki.

Zan so in yi dogon bayani amma gobe da safe ina da takarda mai zafi. Ki yi haƙuri da gajartar.

Ƙanenki,
Dogo


Alhamis, 21 ga Maris

Dogo,

Gaisuwa da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Inna lafiya, maganin sai an tsare ta, kamar yadda ka zata. Ta ce maganar riga ƙarya kake yi.

Na yi duk abin da ka lissafa. Na sayo gajerar waya mai kaurin yatsa, na durƙusa a bayan tebur cikin ƙura na soka ta, har bayana ya riƙe. Na bi zanenka na hana ramukan barci. Na haɗa kofuna talatin da hannuna, na bar su a kan benci tun safe, da azahar na ɗora. Duk talatin suka fito daidai, ko ɗaya bai goce ba. Na sake washegari, haka. Ka ga ke nan in ni na jera, lafiya lau.

Jiya kwamiti ya zauna. Mu biyar ne a ɗakin taro, da Baba na shida, ya sa farar rigar aikinsa da ya goge har tana ƙyalli, ya zauna a bakin kujera hularsa a gwiwa. Manaja ya tambaye ni ko na tuntuɓi wanda ya rubuta firogiram. Na ce e, na ciro wasiƙarka na karanta musu wurin da ka ce firogiram ba shi da wayon ƙirƙiro lamba, abin da ya tarar shi yake rubutawa. Manaja ya ce to magana ta ƙare, mai abu ya yi magana, in kwamfuta ba ta ƙirƙira sai a duba hannun da ya ba ta.

Da aka ba Baba dama, sai ya kawo wata magana da ta sa na ji kunya a madadinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na'urar nan wani lokaci takan yi kuka sau biyu a kan kofi ɗaya. In ta yi haka sai a tsayar, a zare wayar a mayar, a faro daga farko. Haka ɗana Dogo yake yi, haka ya nuna min. To an hana ni zarewa."

Wani a cikinsu ya yi dariya ya ce ashe akuya muke kiwo a ɗakin gwaji ba mu sani ba. Baba ya juya hularsa a gwiwa.

Maganar hanawa kuwa gaskiya ce, ni na hana shi. Wajen wata uku da suka wuce na shigo na same shi ya tsayar da aiki ana tsakiyar awo, ya zare waya yana hura bakinta. Raina ya ɓaci, na ce masa wannan ba rediyon gidansa ba ce da za a riƙa bubbugawa, zai lalata mana rami. A gaban mutane na faɗa, kuma da ƙarfi. Ya fara cewa ai kuka biyu ta yi, na katse shi. Na ɗauko salatif na naɗe wayar da jikin kwamfuta, na manna takarda na rubuta KADA A TAƁA. Sabuwar ma da na saka haka na ɗaure ta.

An yanke a ɗauke shi daga benci a mayar da shi sito, wurin jera kwalaye da buhunan safar hannu, kuma an sa masa takardar gargaɗi a fayil. Ba a kore shi ba, na yi ƙoƙarin wannan. Da muka fito ya tsaya ya ce min, "Na gode, ranki ya daɗe." Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na kasa cin abincin rana.

Na san sha'anin tsufa ne, mutum ya ga abu sau ɗaya ya mayar da shi doka. Amma don zuciyata ta kwanta, ka taɓa nuna masa wani abu mai kama da haka? Layi ɗaya ya isa.

Yayarka


Alhamis, 18 ga Afrilu

Dogo,

Lafiya kuwa? Sati huɗu ke nan ban ji daga gare ka ba. Na san kana raye, don Inna ta ce kun yi waya ranar Juma'a har ka yi mata ƙorafin tsadar albasa. To ni ce aka yi wa kunnen uwar shegu.

Na yi ta juya abin a raina. In fushi kake don na karanta wasiƙarka a gaban kwamiti ban tambaye ka ba, ka yi haƙuri, ban ɗauka sirri ba ce. In kuwa tambayar da na yi maka a ƙarshe ce ta yi maka zafi, kamar ina zargin aikinka, wallahi ba haka nake nufi ba. Na janye ta. Ni da na riƙa yawo da sunanka a baki, ni zan zarge ka?

Ni nake jera kofuna yanzu. Aikin ya yi min yawa, nakan fito da kwalabe daga firij tun da safe, sai can da rana nake samun kansu. Ba a sake samun matsala ba, wanda hakan ya ƙara tabbatar wa kowa.

Baba ya je asibitin ido da kansa. Likita ya ba shi tabarau na karatu, ya ce ban da wannan idonsa ya fi na wasu 'yan shekara arba'in. Na zaci zai yi murna. Sai ya same ni a sito ya ce, "To in ba ido ba ne, ai kai ne ke nan." Ya nuna goshinsa da yatsa. Satin da ya wuce ya kai wa manaja takarda da hannunsa, da jan biro, ya ce ya amsa laifinsa, yana neman gafarar kamfanin rijiya, kuma yana roƙon a sallame shi ƙarshen wata kafin ya cuci wani. Na roƙe shi ya janye, ya ƙi.

Za mu yi masa ɗan taron sallama ranar talatin ga wata. Ko fushi kake da ni, ka rubuto 'yan layuka in karanta masa. Yana yawan tambayarka.

Yayarka


Juma'a, 3 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Ina fata kina lafiya da kowa da kowa. Ni jikina lafiya. Ba zan ja gaisuwa ba, don in na ja ta zan sake samun hanyar guduwa.

Ba fushi nake ba. Wasiƙarki ta ƙarshe ma sai jiya na buɗe ta. Sati biyu tana nan ina ganin sunanki ina wucewa, kamar mai tsoron duba ciwo a ƙarƙashin bandeji. Na buɗe ta a tashar bas da rana tsaka, na ga taron sallama ya wuce da kwana biyu. Bas uku suka zo suka tafi ina zaune.

Baba bai zuba ruwan kowa a kofi biyu ba. Ni ne. Kuma na sani tun wasiƙarki ta farko, tun layin da kika ce lambar ta huɗu ta sake fitowa a gidan ta biyar.

Ga yadda abin yake. A kowane kofi, firogiram yana aika wa mita tambaya ta waya, ya jira amsa daƙiƙa biyar. In ruwan ya huce, mita takan amsa cikin uku. In kuwa ruwan da sanyinsa ya fito daga firij, awon ba ya tsayawa da wuri, sai ta kai bakwai ko takwas. Da farko in haka ta faru firogiram yakan tsaya ya cika fuskar kwamfuta da jan rubutu. Saura kwana shida in tafi, manaja zai zo ya gani da idonsa kafin ya sa hannu a takardar yabon da na nemi gurbin karatun nan da ita. Ban so ya ga jan rubutu. Sai na ƙara layi uku: in amsa ta makara, kada ka ce komai, ka sake tambaya.

To mita ba ta manta tambayar farko ba. An tambaye ta sau biyu, sai ta amsa sau biyu, kuma kowace tambaya da ɗan kukanta. Kuka biyun da Baba yake ji ke nan. Firogiram ya ɗauki amsar farko ya rubuta, ta biyu kuwa ta zauna a layi tana jira. Da tire ya juya zuwa kofi na gaba, ya yi tambaya, ya tarar da amsa tana zaune, ya ɗauka ba tare da ya san tsohuwa ba ce. Daga nan har ƙarshe kowane kofi amsar na bayansa yake samu. Babu abin da ke share layin sai an zare wayar.

Na ga hakan da idona kwana biyu kafin in tafi. Gyaran ba zai ɗauke ni wuni ɗaya ba, amma sai na je na ce wa manaja abin da ya yaba yana da rami. Sai na ja Baba gefe na ce, "Baba, in ka ji ta yi ƙara biyu, ka tsayar, ka zare wannan ka mayar, ka faro daga farko." Ya ce to. Bai tambaye ni dalili ba. Ban rubuta a littafin aiki ba, ban gaya miki ba, don kina ta nuna ni ga mutane kuma daɗin hakan nake ji. Na ce in na isa zan gyara in turo. Na isa, na shiga karatu, na ga shiru, na ce ashe ba komai. Ashe shirun Baba ne, fiye da shekara yana tsaye da kunnensa a kan kuskurena.

Da kika tambaye ni, na tura ki sayen waya da durƙuso a bayan tebur alhali na san ba can ciwon yake ba. Kuma layin nan da kika karanta wa kwamiti, na daɗe ina sassaƙa shi don ya zama ba ƙarya ba ne kuma ba gaskiya ba. Na gaya wa kaina ba za su yi wa tsoho komai ba, faɗa ne kawai za su yi. Ke ba ki yi kuskuren fahimta ba, Yaya. Abin da na so ki fahimta ke nan.

Kada ki yarda da bakina, na riga na nuna miki darajarsa. Ki gwada. Ki jera kofi shida, tataccen ruwa da ruwan gishiri bi da bi, na uku ki ɗauko shi kai tsaye daga firij. Ki saurara. In kin ji ƙara biyu ki tsayar da tire, kada ki taɓa waya, ki buɗe ɗan baƙin allon da nake rubuta umarni, ki tura umarnin da ke tambayar mita sunanta. Na rubuta miki shi a ƙasa. In lafiya take, sunanta da lambar jikinta za ta faɗa. In ta ba ki awon ruwa, kin kama ni.

Na haɗo gyararren firogiram. Yanzu yana share layi kafin kowace tambaya, yana jira har daƙiƙa ashirin, in amsa ba ta zo ba ya tsaya ya yi ihu yadda ya kamata tun farko. Na kuma haɗo takarda zuwa ga manaja da kwamiti, da sa hannuna, na faɗi komai har da maganar takardar yabo. In suna so su rubuto wa makarantarmu, ga adireshin nan a ciki.

Ban san da wane baki zan ce ki gaishe da Baba ba. Ki karanta masa wannan in zai saurara.

Dogo


Lahadi, 12 ga Mayu

Dogo,

Na sami wasiƙarka. Kowa lafiya. Inna ban gaya mata komai ba, wannan kai za ka yi da bakinka.

Kwana biyu ban iya ba ka amsa ba, don abin da zan rubuta a lokacin ba na zumunci ba ne. Na zage ka a mota, na zage ka a kicin, maigidan har ya tambaya wa ya taɓa ni. Daga baya na tuna wanda ya naɗa salatif. Tsohon nan ya buɗe baki zai gaya min, na ce masa rediyon gidansa. Kai ka ɓoye, ni kuma aka kawo min gaskiya har gaban benci na kore ta don ba ta zo da takardar digiri ba. Sai zagin ya ƙare min.

Ranar Litinin na yi gwajin, na kira manaja ya tsaya a kaina. Kofi na uku da raɓarsa na ɗora shi. Mita ta tsoma baki, ta yi ɗan kukanta, aka yi shiru, sai ga na biyu. Shekara nawa ina ɗakin nan, ban taɓa jin sa ba sai ranar. Na tsayar, na tambaye ta sunanta, ta ce ɗari huɗu da goma sha biyu. Manaja ya cire tabarau ya goge ya mayar. Muka sake sau uku. Ya karanta takardarka a tsaye, ban san abin da zai yi a kanka ba kuma ban roƙa maka ba. Abin da ya ce kawai shi ne a cire gargaɗin daga fayil, a rubuta wa kamfanin rijiya, kuma in je in dawo da Baba bencinsa ko da goyo ne.

Jiya da la'asar na je. Ka san gidan, ƙofar ƙarfe mai kore, ɗakin da ke kallon famfo. Na same shi a kan tabarma a bakin ƙofa, ba ya komai, hannuwansa a kan gwiwa. Matarsa tana ciki a kwance, ka san shekara tara ke nan da ciwon ya kayar da ita. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo min kujera, ya tambayi kowa a wurin aiki da ɗaya ɗaya har da mai gadi.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Ba kai ka yi kuskure ba. Na'urar ce, kuma kai kaɗai ka gane ta."

Na karanta masa wasiƙarka tun daga sama har ƙasa, ban tsallake ko layi ba. Na ba shi labarin gwajin, da kukan biyu da na ji da kunnena, da saƙon manaja. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Allah sarki ɗana Dogo. Tun yana nan haka yake da tausayi. Ya ji an sallami tsoho, shi ne ya zauna ya tsara wannan duk, ya ɗauki laifina ya ɗora wa kansa."

Na ce, "Baba, ba tsarawa ya yi ba. Na gwada a gaban manaja."

Ya ce, "'Yata, ku masu ilimi in kuna so na'ura ta yi kuka ai za ta yi. Mutum biyar suka zauna, masu digiri, suka duba suka ce ni ne. Ke ma da kika jera da hannunki ba a sake samu ba. Na kwana biyu ina tunani, kuma yanzu kamar ina tuna ranar ma. Kamar na ga hannuna yana zuba ta huɗu sau biyu."

Na ce wallahi bai faru ba. Na rantse masa har sau uku, ina kuka kamar yarinya, shi yake ba ni haƙuri. Ya ce ba zai dawo ba, ruwan da mutane za su sha ba abin wasa ba ne, bai kamata a bar shi a hannun wanda kansa ya fara zuba ba. Kuma ya ba ni saƙo gare ka, ya sa na maimaita don kada in manta. Ya ce ya gode, Allah ya yi maka albarka, amma ka janye takardar nan daga wurin manaja, kada ka ɓata sunanka da karatunka saboda shi. Saƙon ke nan, na isar.

Zan koma ranar Asabar da kwamfutar da mitar gaba ɗaya a bayan mota, in ɗora a kan tabarmarsa ya jera da hannunsa. Ban sani ba ko zai yarda ya taɓa. Kai kuma ka rubuto masa, shi kansa, ba ta hannuna ba. Abin da za ka ce ban sani ba.

Na tashi zan tafi ke nan matarsa ta yi kira daga ciki, lokacin maganinta ya yi. Shi yake ba ta duk shekarun nan, kala biyar, bai taɓa bari wani ya taɓa ba. Ya shiga ya fito da kwali biyu a tafin hannunsa, ya sa sabon tabarau, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya miƙo min.

Ya ce, "Duba min, 'yata. Waɗannan ne na yamma?"

Na karɓa na karanta. Su ne, Dogo. Daidai ya ɗauko. Amma bai shiga ya ba ta ba sai da na ce e.

Yayarka